Kamfanin inshora zai turo mutum ya duba gidana har cikin ɗakuna, haka ake yi?

Abban_Khadija:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan. Na karɓi rancen banki don in ƙarasa gidana a Hotoro, cikin sharuɗɗan akwai cewa dole gidan ya kasance da inshorar gobara har in gama biya. Na cike fom, na zaci shi ke nan. Yau sai ga waya daga kamfanin inshorar, wai za su turo ma'aikacinsu ya duba gidan ciki da waje, har da ɗaukar hoto, kafin su ba ni takarda. Na ce masa gidan matan aure ne, ya ce ai ƙa'idarsu ce. To haka ake yi da gaske? Kuma me mutum yake nema a ɗakin kwanana? Ni dai raina bai kwanta ba.

Sadiq_Kurna:
Wa alaikumus salam. Alhaji kar ka buɗe wa kowa ƙofa. Zamanin nan mutum zai zo da riga mai tambari, ya ƙirga ƙofofinka da tagoginka, ya ga inda katanga ta yi gajarta, bayan kwana biyu ka ga baƙin dare.

Maman_Ilham:
Ni abin da ya fi damuna hoton. Ya ɗauki ɗakin matar mutum da kayan ɗakinta a wayarsa, wa ya san hannun da zai faɗa? A'a wallahi.

Injiniya_Sharaɗa:
Haka ake yi Alhaji, ba sabon abu ba ne. Ka duba ta ɓangarensu: za ka ba su kuɗi kaɗan a shekara, su kuma su ɗauki alkawarin miliyoyi in gidan ya ƙone. Wa zai ɗauki wannan alkawari a kan gidan da bai taɓa gani ba? Wani lokaci in gidan ƙarami ne suna wadatuwa da fom da hotunan da ka tura da kanka, amma in kuɗin ya yi nauyi, ko banki na ciki, turowa suke yi.

Kuma ba gadonka yake nema ba. Na sha raka irinsu gidajen da na gina. Farko akwatin fyus yake nufa, ya buɗe ya ga ko akwai abin da ke katse wuta in ta yi yawa, ko kuwa mai gyara ya ɗaure wurin da guntuwar waya. Ya duba canjin layi tsakanin wutar KEDCO da janareto. Ya tambayi inda tukunyar gas take, cikin kicin kusa da murhu ko a waje inda iska ke shiga. Ya leƙa ɗakin janareto ya ga ko jarkokin fetur suna jingine da shi. In akwai sola, ya ga inda aka jera batura da irin wayar da aka ja musu. Ya ɗaga kai ya kalli silin, domin tabon ruwa a silin yana faɗin halin da kwano yake ciki. Ya zagaya katanga ya ga tsagewa. Sannan ya tsaya a ƙofar gida ya kalli titi, shin gidan ne ya fi titi tudu ko titi ne ya fi gidan. Ɗakin kwana kuwa soket da silin ne abin dubawarsa, daga bakin ƙofa ma ya isa.

Sadiq_Kurna:
Injiniya, duk wannan na ji. Amma ta yaya Alhaji zai san wanda ya zo ɗin na kamfanin ne?

Bash_Dillali:
Tambayar Sadiq tana kan hanya, kuma amsarta ba wuya. Ni sana'ata ke nan, dillancin inshora. Alhaji, kar ka yi aiki da lambar da ta kira ka. Ka je ofishin da ka cike fom, ko ka kira lambar da ke jikin takardarsu, ka ce su ba ka sunan wanda za su turo da rana da lokaci a rubuce. In ya zo ya nuna katin aiki. Kai za ka zaɓi lokacin da kake gida, ba shi ba. Shi kansa kamfanin ka tabbatar yana cikin waɗanda hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ba lasisi, sunayensu suna shafin hukumar na intanet. Kuma mai duba gida ba ya karɓar kuɗin inshora a hannu. Duk wanda ya ce ka ba shi wani abu "don ya gyara rahoto", to ka san da wa kake magana.

Batun iyali kuma, ba Kano aka fara ba. Ka ce su shiga ɗaki ɗaya, a gama da sauran, sannan su koma wani. Kana ma iya tambaya ko suna da mace a ma'aikatansu. Hoto kuma ka tsaya a kansa, ka ce ga abin da za a ɗauka: mita, fyus, rufi, kicin, gaban gida. Babu mai hankalin da zai yi maka musu a kan wannan.

Maman_Ilham:
To in dai mace za su turo, da sauƙi.

Ɗan_Kwari:
Ku dai kuna ta maganar shiga gida, ni maganata ita ce in abu ya faru suna biya? A 2022 da ruwa ya shiga Kantin Kwari, idona ya ga dilolin atamfa da shadda suna iyo a layi. Wani maƙwabcin shagona yana da inshora, kullum yana yi mana gori. Da ya je neman diyya aka buɗe masa takardarsa, ashe ta gobara ce zalla, babu ambaliya a ciki. Ko sisi bai samu ba. Tun daga ranar na cire rai da mutanen nan.

Bash_Dillali:
Allah ya mayar da alheri Ɗan_Kwari. Amma ka ga wannan labarin naka shi ne dalilin da ya sa nake son mutane su tsaya da mai dubawa su yi masa tambayoyi, maimakon su ƙosa ya tafi. Inshorar gobara zalla tana ɗaukar gobara da tsawa da fashewar gas na girki. Ambaliya, guguwa mai yaye kwano, fashewar bututun ruwa ko tanki, mota ta ƙwace ta daki katanga, duk ƙari ne da sai an rubuta su a takarda, kuma kuɗin yana ɗan ƙaruwa. Sata kuma babinta daban. Banki shi gobara ce ta dame shi, sai mutum ya sayi mafi arha don ya cika sharaɗi, ya ɗauka ya rufe komai. Abban_Khadija, tun da za ka biya, ka tambaya a saka maka ruwa da iska. Iskar farkon damina a Kano ba ta bar kwanon kowa ba.

Ɗan_Kwari:
Da wanda ya sayar masa ya yi masa wannan bayanin ai da ba a kai ga haka ba. Lokacin karɓar kuɗi baki har kunne, lokacin biya sai a ɗauko tabarau a fara karanta ƙananan rubutu.

Hajiya_Zoo_Road:
Gaskiyarka. Amma mu ma ba ma karatu. A miƙo mana takarda shafi goma, mu ce ina wurin sa hannu.

Malam_Gwale:
Jama'a ku yi haƙuri in sako wani abu. Kafin a je ga wa zai shiga gida, an tambayi hukuncin ita inshorar? Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci da aka saba akwai garari mai yawa a cikinta, wato kana biyan kuɗi ba ka san ko za ka karɓi wani abu ba, ba ka san nawa ba, don haka ba ta halatta ba. Ta ce madadinta ita ce ta taimakekeniya, wadda aka gina a kan kyauta. Ita ce takaful. Kowa ya zuba gudummawa a asusu ɗaya da niyyar taimakon wanda masifa ta faɗa wa, kamfani ya zama wakili mai kula da asusun a biya shi ladan aikinsa, in an samu rara a ƙarshen shekara a raba wa mahalarta bisa sharaɗin da aka yi. Malamai suna kafa hujja da hadisin Ash'ariyyawa da ke cikin Bukhari da Muslim, mutanen da in abincinsu ya yi ƙaranci sai su tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai, Annabi (SAW) ya yabe su. A Sudan aka fara kamfani irin wannan a 1979. A nan gida NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Alhaji ka tambayi bankinka ko za su karɓi takardar takaful.

Abban_Khadija:
Na gode Malam. Wallahi ban yi wannan tunanin ba, su suka miƙo min sunan kamfani na bi. Zan tambaya. Amma su 'yan takaful ɗin ba sa zuwa duba gida?

Malam_Gwale:
Suna zuwa mana. Ni a ganina ma su suka fi cancanta su zo, tunda dukiyar jama'a ce a hannunsu amana. In ka ɓoye aibin gidanka a can, 'yan'uwanka da suka zuba kuɗi ka cuta.

Auwal_Rijiyar_Zaki:
Ni fa duk wannan ban gane ba. Abin da Allah ya rubuta zai same ka sai ya same ka. Kakanninmu sun zauna a cikin Badala shekara ɗaruruwa babu inshora.

Hajiya_Zoo_Road:
Auwal, kakanninmu ba su da tukunyar gas da hita da batirin sola a ɗaki ɗaya. Kuma gidanka ba ka sa masa kwaɗo da daddare?

Auwal_Rijiyar_Zaki:
Hajiya kwaɗo daban, biyan wani kuɗi duk shekara a kan abin da bai faru ba daban.

Usman_Lantarki:
Bari in shigo ta inda na fi sani, ni mai aikin wayarin ne. Ko ba don inshora ba, a bar wani ya duba wayar gidan nan. Abin da nake gani a cikin silin ɗin mutane ya isa ya hana mutum barci. Mai gida ya kashe miliyoyi a tayil da fenti da silin na zamani, da an zo waya sai ya ce a sayo mai arha. Akwai wayar da in ka fere ta za ka ga jan ƙarfen a fatar sama kawai yake, cikinta wani abu ne daban. A ja siririyar wayar da ta dace da ƙwan fitila a ɗora mata na'urar sanyaya ɗaki da dutsen guga. A haɗa waya biyu a murɗe, a naɗe da leda, a tura cikin silin kusa da katako. Wuta ta ɗauke, a manta hita a cikin bokitin roba, a fita unguwa, wuta ta dawo da ƙarfi. Lokacin hunturu ku saurari sanarwar hukumar kashe gobara ta jiha a rediyo, maganar ba ta wuce hita da gas da garwashin jin ɗumi da ajiye fetur a gida.

Akwai wani gida a Na'ibawa da aka kira ni bayan mai duba gidan inshora ya rubuta a sake akwatin fyus. Mai gidan yana ta faɗa wai an haɗa baki da ni don a ci kuɗinsa. Da na kwance murfin, bayan akwatin ya yi baƙi ƙirin, robar ta narke ta manne da bango, kuma a bayan bangon nan ɗakin yaransa yake. Bai ƙara cewa komai ba.

Maman_Ilham:
Innalillahi. Malam Usman ka sa na tashi na je na cire cajar da ke jikin soket.

Injiniya_Sharaɗa:
Tunda Usman ya kawo wannan, Alhaji ka sani bayan dubawa suna iya aiko maka da jerin gyare-gyare da wa'adi: a fitar da gas waje, a sayi tukunyar kashe gobara, a raba fetur da janareto, a sake fyus. Kar ka jefa takardar a aljihun mota. In sun mayar da ita sharaɗi, ba ka yi ba, gobara ta tashi ta wannan wurin, da ita za su kafa maka hujja.

Sai babban abin da mutane ke faɗawa, wato kuɗin da za a rubuta a matsayin darajar gidan. Ba kuɗin da za ka sayar da gidan ake nufi ba, domin fili ba ya ƙonewa. Abin da za a kashe a sake gina shi yau ake nufi. Gida a Nassarawa GRA rabin kuɗinsa ko fiye na ƙasa ne, gida a bayan gari kuma ginin ne kuɗin. Mutane suna rage adadin don kuɗin shekara ya yi sauƙi, ba su san akwai ƙa'idar biya gwargwado ba. Misali sake ginin gidanka zai ci miliyan 40, kai ka rubuta miliyan 20. Gobara ta cinye kicin da falo, asarar miliyan 10. Kana zaton tunda 10 ba ta kai 20 ba za su biya duka. A'a. Za su ce rabin gidan ka yi wa inshora, don haka rabin asarar za su ɗauka, miliyan 5, sannan a cire ɗan kason da takarda ta ce kai za ka ɗauka a kowace asara. Kuma ko ba ka rage da gangan ba, tsadar kaya tana rage maka. Buhun simintin da bai kai naira 5,000 ba a 2022, a farkon 2024 ya haura 10,000. Ka je Ƙofar Ruwa ka tambayi rodi da kwano ka ji. Wanda ya rubuta adadi tun wancan lokacin yana ta sabuntawa a haka, rabin inshora gare shi bai sani ba.

Ɗan_Kwari:
Ka ji ko! Wata ƙofar gudun ke nan.

Injiniya_Sharaɗa:
Ba gudu ba ne Ɗan_Kwari. Kai in mutum ya biya kuɗin yadi biyar za ka yanka masa goma?

Ɗan_Kwari:
Ba zan yanka ba, amma zan faɗa masa tun a kan benci cewa biyar ba za ta yi masa babbar riga ba.

Talatu_Fagge:
Don Allah ina da tambaya ko da ta ɗan kauce. Gidanmu na gado a cikin gari ginin ƙasa ne, rufin azara, an dai shafe shi da siminti ta waje. Irin wannan suna karɓa?

Bash_Dillali:
Yaya Talatu, ya danganta da kamfani. Ginin bulo da rufin kwano ko dakin shi ne abin da suka saba da shi. Na ƙasa wasu za su ƙara kuɗi, wasu su karɓi gobara su ƙi ruwa, wasu su ba da haƙuri. Abin da zan ja kunnenki a kai: kar a rubuta bulo a fom don an ga shafen siminti. Ranar da wani abu ya faru mai ƙiyasta asara zai zo, shi ba ma'aikacin talla ba ne, zai ga tubalin ƙasa a cikin ɓaraguzai, maganar ta mutu a nan. Sannan inshora ba ta biyan tsufa. In indararo ya toshe shekara da shekaru, ruwa yana jiƙa bango har ya zauna, wannan rashin gyara ne a wurinsu. Gidan gado kuma sai a fayyace sunan wa za a rubuta, don kar diyya ta zama sabuwar shari'a tsakanin magada.

Talatu_Fagge:
Wannan na ƙarshen ma ya isa ya hana mu. Mu goma sha ne.

Lauya_Bompai:
Ƙarin bayani kaɗan ga masu cewa duk abin ganin dama ne. Gidan da kake zaune kai da iyalinka, wannan zaɓinka ne, sai dai in banki ya sa maka sharaɗi kamar Alhaji. Amma dokar inshora ta 2003 ta wajabta inshora a kan ginin da ake kan yi in ya haura hawa biyu, da kuma gine-ginen da jama'a ke shiga, irin su otal, makaranta, asibiti, gidajen haya na jama'a. An yi haka ne saboda wanda gini zai faɗo wa. Duk wanda ya tuna benen da ya rufta a titin Beirut a watan Agustan 2022 ya san dalilin.

Bash_Dillali:
Barista, an sake dokar. Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora a 2025, ita ta maye gurbin ta 2003. Wajabcin a kan gine-ginen dai yana nan.

Lauya_Bompai:
Haka ne, na kawo ta 2003 ne don a ga abin ya daɗe. Matsalarmu ba rashin doka ba ce. Wanda ya ɗora hawa na uku ba tare da izinin hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, ba, shi ne zai je neman inshora?

Sadiq_Kurna:
To ga wata kuma. In mai dubawar ya ga ka ƙara gini ba izini, ba zai kai ka ƙara ba?

Bash_Dillali:
Rahotonsa na kamfaninsa ne, ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Amma in banki na ciki, banki na iya gani.

Abban_Khadija:
Jama'a na gode ƙwarai. Na je ofishinsu da kaina, sun tabbatar mutumin nasu ne, sun rubuta min sunansa, mun tsayar da Asabar da safe. Mace dai sun ce ba su da ita a wannan sashen. Bankin kuma sun ce in kawo sunan kamfanin takaful ɗin su duba, ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Yanzu abin da ke raina: akwai shago a jikin gidan ta waje da na ba wani yaro haya, yana sayar da kayan masarufi, amma na lura yana ajiye galan-galan na fetur yana sayar wa masu babur. In ce ya kwashe su ranar Asabar ɗin kawai, ko yaya?

Usman_Lantarki:
Alhaji ya kwashe su har abada, ba ranar Asabar ba. Bumburutu a jikin gidan da yara ke kwana?

Bash_Dillali:
Ka ɓoye ranar Asabar, ranar gobara maƙwabta za su faɗa, jami'an kashe gobara su rubuta a rahotonsu. Harkar nan a kan faɗin gaskiya aka gina ta, duk abin da zai sa kamfani ya canja shawara ko ya canja farashi dole ka bayyana. Shi kansa shagon ka tabbatar ka rubuta shi a fom, domin gidan zama zalla da gida mai shago ba farashinsu ɗaya ba. Ko bayan an ba ka takarda ka saka injin markaɗe ko ka mayar da wani ɗaki sito, sai ka sanar. Haka in za ku rufe gidan ku yi doguwar tafiya, wasu takardun suna cewa in gida ya wuce kwana 30 ba kowa sai an gaya musu. Masu tafiya aikin Hajji da iyali gaba ɗaya su lura da wannan.

Auwal_Rijiyar_Zaki:
Wato har tafiyata sai na nemi izininsu. Ku dai ku yi, ni ina gefe.

Hajiya_Zoo_Road:
Bash, kayan cikin gida fa? Gwal ɗin mace da kayan lefe suna shiga, ko ginin ne kawai? Don in sai na nuna wa wani baƙo inda nake ajiye sarƙata, na yafe.

Bash_Dillali:
Gini daban, kayan ciki daban Hajiya, kowanne da adadinsa. Gwal yawanci akwai iyakar abin da za su biya sai in an lissafa shi da rasit ko takardar kimantawa. Jerin ake ba kamfani a rubuce, ba sai kin buɗe wa kowa durowa ba.

Maman_Ilham:
Rasit kuma? Wanda aka saya tun auren fari a ina za a samo rasit ɗinsa?

Ɗan_Kwari:
Alhaji in mutumin ya zo ranar Asabar ka tambaye shi gida nawa kamfaninsu ya biya diyya a Kano bara. Ka dawo ka faɗa mana abin da ya ce.